A Ƙara Yatsa Biyu

Tef ɗin awo na tela inci sittin ne. Ni da nake ƙirga komai ban taɓa sanin haka ba sai ranar da Yaya Babba ta kira ni a waya ta ce, “Auta, tef ya ƙare bai gama da ni ba.”

Yaya Babba ita ce ta fari a ɗakinmu, mu bakwai, ni ce auta. Sunan na girman haihuwa ne, amma jiki ya zo ya sa masa hannu, har yaran layinsu suka ɗauka don ƙiba ake kiranta haka. Ba ta taɓa gyara musu ba. Ita ta goya mu ɗaya bayan ɗaya, ita ta yi mana kitso, ita ta san wanda ba ya cin albasa da wanda ke ɓoye takalmi don kada ya je makaranta. Da ta yi aure ta samu aiki a sashen wanki na wani otal, tana guga a tsaye shekara ashirin da ’yan kai. Rigar da ta bi ta hannunta, ko a ƙasan jaka ka cusa ta, karin hannun na nan kamar bakin wuƙa. Guga ba ta gaji da ita ba, gwiwoyinta ne suka gaji. Likita ya duba ya ce ta nemi aikin da ake yi a zaune.

Haka ta shiga ajin koyon ɗinki na mata da ake yi a saman wani shagon katifa. Kekunan ɗinki goma sha ɗaya, ɗalibai goma sha huɗu, fanka ɗaya mai ƙara kamar injin niƙa. Yaya ta girmi kowa a ajin, har da Malama. Amma hannun da ya saba da yadi ba ya ɓata hanya: ɗinkinta a miƙe yake, kalmasarta kamar an ja da rula. Kuma akwai abin da ta sa wa ido. Wani ɗakin ɗinki da ke yi wa makarantu kayan sawa ya yi alkawarin ɗaukar duk wadda ta ci jarrabawar ƙarshe, da kujera da keke nata na kanta. Kujerar nan ita ce maganin gwiwar Yaya.

Jarrabawar kuwa ɗaya ce: kowace ɗaliba ta ɗinka riga mai wuya da hannu da zif, daidai jikinta, ta saka ta fito gaban Malama. Kuma ba da ka za a yanka ba, da takardar yanka, wato takardar nan da aka zana sassan riga a jikinta, a shimfiɗa a kan yadi a bi gefenta da almakashi. A kabad ɗin aji akwai ambulan bakwai na irin takardun, daga mai ƙirji talatin da huɗu zuwa mai arba’in da shida. Malama ta ce kowa ta je gida ta auna kanta ta zo ta zaɓa.

Yaya ta je gida ta ɗauko rigarta ta shimfiɗa a kan gado, ta zagaya ƙirjin rigar da tef. Tef ya ƙare, saura inci biyu. Sittin da biyu ke nan.

“To ki faɗa min,” in ji ta a waya, “daga arba’in da shida zuwa sittin da biyu, mota ake hawa ko jirgi? Na haƙura, Auta. Zan ce wa Malama gwiwa ta hana ni hawa bene.”

Na ce kada ta ce komai tukuna. Ni aikina ƙirga kaya a siton wani kantin magani, a gida ma Kalkuleta suke ce min, kuma ban yarda akwai lambar da ba a sayarwa ba. Na shiga kasuwa ɓangaren masu zare da maɓalli, na bi shago tara. Biyar ba su ma san ana sayar da irin takardar ba. Uku suna da ita, duk a arba’in da takwas suka tsaya. Mai shago na tara, wani dattijo mai gilashi a kan hanci, ya zaro wata mai hamsin da biyu daga ƙasan kwali, ya karkaɗe ta, sai ga ta rigar amarya ce mai sassa ashirin da uku, an rubuta a jikinta cewa ta ƙwararru ce. Na duba a waya, nan ma haka. Masu sauƙi na ’yan koyo duk ƙanana ne, kamar siraran mata kaɗai aka yarda su fara koyon ɗinki. Manyan kuwa ko dai masu wuya, ko kuma buhu ne kawai da aka huda wa wuya.

Sai dabara ta faɗo min. Na sa Yaya ta aro mai arba’in da shida daga aji, na kai shagon masu fotokwafi na ce a ƙara mata girma kashi talatin da biyar cikin ɗari. Na buga lissafin sau biyu, sittin da biyu cif. Injin ya fitar da falle talatin da ɗaya, muka baje a tsakar falon Yaya muka liƙe da salatif. Ta yanka a tsohon zanen gado don gwaji, ta ɗinka, ta shiga ɗaki ta saka.

Mijinta, tsohon direban motar ’yan makaranta, yana zaune yana gyaran rediyo. Tsakanina da shi ba a raga wa juna tun ina ƙarama. Da Yaya ta fito ya ɗaga kai, ya ajiye sukundireba a hankali.

Wuyan rigar ya sauko har ya kusa gaisawa da ciki. Hannayen sun wuce yatsunta da kusan taƙi guda. Tsawon ya share ƙasa. Aljihun kuwa buta za ta shiga da murfinta.

“Kalkuleta,” in ji shi, “wannan rigar mutum nawa ce? In da sauran wuri a ba ni kujerar gaba.”

“Yaya Direba, ka ji da rediyonka.”

“Ai shiru na yi. Amma inji ba ƙiba ya ƙara mata ba, ƙatuwa ya yi. Garin neman ƙiba kin samo raƙumi.”

Yaya ta yi dariya har da riƙe ƙofa, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta zauna a hannun kujera, hannayen riga na reto, ta ce, “Kin gani ko? Ba a yi takarda don irina ba. Ku bar ni in mayar musu da kayansu.”

Na matsa zan taya ta cirewa, na kama yadin ta gefen haƙarƙarinta. Hannuna ya cika da yadi. Na kama ɗaya gefen, nan ma ya cika. In ƙirjin Yaya sittin da biyu ne, kuma rigar sittin da biyu ce, wannan rarar ta wace ce?

“Yaya, da kika auna, kanki kika auna ko riga?”

“Riga mana. Rigar ba tawa ba ce?”

“Yaushe rabon da a sa miki tef a jiki?”

Ta kalli mijinta, ta kalli ƙasa. Ashe tun bayan haihuwarta ta fari. Ta je wani shagon tela a lokacin, cike da mutane, telan ya zagaya ta da tef ya ɗaga murya ya faɗa wa abokin aikinsa lambar, ya ƙara da cewa, “Kai, a ƙaro yadi!” Aka kwashe da dariya. Ta biya ta fito, ba ta ƙara tsayawa gaban tela ba. Tun daga ranar, in za a yi mata ɗinki sai ta ba mijinta yadi da tsohuwar riga ta gwaji ya kai, tela ya kwafa. In rigar gwajin ta tsufa, a ɗauki ɗaya cikin sababbin ta gaje ta.

Na ce ta buɗe akwatinta. Yaya ba ta zubar da kaya, wannan kowa ya sani. Muka fito da rigunan gwajin, biyar, a goge a ninke, muka jera su a kan gado daga tsohuwa zuwa sabuwa. Na auna kafaɗa: sha shida, sha bakwai, sha takwas da rabi, ashirin, ashirin da biyu.

“Yaya, ƙiba na yarda kin ƙara. Amma kafaɗa ƙashi ce. Wane abinci ne ke ƙara wa ƙashi inci shida?”

Ta bi rigunan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, “To ni dai, duk sanda zan aika, nakan ce a ƙara yatsa biyu. Don kada ta matse.”

Daga bakin ƙofa muka ji gyaran murya.

“Ke ma kina cewa?” in ji Direba.

“Kamar yaya ni ma?”

Ya sosa ƙeya. “Ai na ɗauka saƙon naki na kunya ne, kin rage. In na isa sai in ce wa tela, ta ce a ƙara biyu, ni kuma na ce a ƙara biyu. Gara ta yi yawa da ki saka ki ji babu daɗi ki ƙi faɗa.”

“Baban yara! Duk shekarun nan?”

“Shi ma telan yakan ce, ‘Bari in sake mata kaɗan, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.’ Alhali ko a hanya bai taɓa ganinki ba.”

Mutum uku ke nan, kowa na ƙara nasa don tausayi, babu wanda ya san da na wani. Riga ta haifi riga, kowace ’ya ta fi uwarta, Yaya kuma tana ciki tana ɗauka ita ce ke cika su. Shi ya sa tun da na yi wayo nake ganinta tana jan wuyan riga tana mayarwa kan kafaɗa, tana maƙale shi da fil. Mun ɗauka ɗabi’arta ce.

Na ɗaga tef na ce, “Tashi.”

Ta ƙi. Na roƙa, ta ƙi. Direba ya ɗauki rediyonsa ya ce shi ya tafi duba iskar taya, ko da yake motar ta daɗe da barin hannunsa. Da ya fita ta ce, “Da sharaɗi. Ba za ki faɗi lamba ko ɗaya da baki ba. Ko a raɗa.”

Wanda ya san ni ya san an ɗora min dutse. Ni da ko cokula nake wankewa sai na ƙirga su a fili. Amma na ce na yarda. Ta kulle ƙofa, ta ja labule, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta runtse ido kamar mai jiran allura. Na ce ta daina riƙe numfashi, ba hoto za a ɗauka ba. Na auna kafaɗa, na auna saman ƙirji ta ƙarƙashin hammata, na auna cikar ƙirji, ƙugu, kwankwaso, damtse. Duk wadda na auna sai in sa alama da alli a jikin tef ɗin, in cije leɓe. Ko sau ɗaya tef bai ƙare ba. A wuri mafi faɗi ma sai da ya yi saura.

Ta buɗe ido ɗaya. “Ya kai?”

Na nuna mata jelar tef ɗin da ta rage tana lilo. Ban ce uffan ba, alkawari kaya ne.

Ta karɓi tef ɗin ta bi alamomin allin da yatsa, ita da kanta ta karanta: kafaɗa sha shida, daidai da rigar gwajinta ta farko. Saman ƙirji arba’in da biyar. Cikar ƙirji hamsin da biyu. Kwankwaso hamsin da bakwai. Ta sauke wani numfashi mai tsawo ta zauna a bakin gado.

“Inci goma,” in ji ta. “Inci goma na mutane nake ɗauke da shi a jikina.”

Sai dai da sauran rina a kaba. Hamsin da biyu ma ba ya cikin kabad. Washegari na raka ta aji da tef ɗin a jaka, muka hau benen tana hutawa a tsakiya. Ta ja Malama gefe ta faɗa mata komai, har da batun fotokwafi. Malama, wata siririya mai fil a baki kullum, ta cire fil ɗin don ta samu damar yin dariya, sannan ta ce laifinta ne da ta ce kowa ta auna a gida ba ta duba ba.

“Mama, ba da ƙirji za ki zaɓa ba,” in ji ta. “Riga a kafaɗa take rataye. Ki nemi wadda ta dace da kafaɗarki da wuyanki, sauran mu za mu buɗa mata.”

Ta ɗauko ambulan ɗin nan dai mai arba’in da shida, wanda Yaya ta zo mayarwa, don shi ya fi kusa da awon saman ƙirjinta, arba’in da biyar. Ta kwafe gaban rigar a takarda mai kauri, ta ja layi daga ƙasa zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa hammata, ta miƙa wa Yaya almakashi.

“In yanka takardar?” in ji Yaya.

“Ki yanka.”

“In na ɓata fa?”

“Takarda ce, Mama, ba fatar mutum ba.”

Yaya ta yanka. Malama ta nuna mata yadda za ta buɗa tsagar inci uku, ta cusa wata takardar a ƙarƙashi ta liƙe. Uku a dama, uku a hagu, shida ke nan a kan arba’in da shida. Wuya bai motsa ba, kafaɗa ba ta motsa ba, ƙirji ya samu wurinsa. A kwankwaso suka buɗa gefe da baya. Takardar ta fito duk faci, kamar wandon makanike, amma Yaya ta riƙe ta da hannu biyu ta ƙi yarda a naɗe mata.

Ba a tashi ɗaya aka dace ba. Gwajin farko, a ragowar zanen gadon, jiki ya zauna amma hannu ya kama damtse, ta kasa ɗaga hannu ta taɓa kanta. Na ga fuskarta ta fara komawa irin ta ranar fotokwafi, na buɗe baki zan ba da shawara, ta ɗaga min hannu iya inda ya ɗagu. Ta zauna ta farke hannun da reza, ta ɗauko takardar hannun ta tsaga ta a tsakiya ba tare da ta tambayi kowa ba, ta buɗa inci biyu ta liƙe. Gwaji na biyu a tsohon labulen kicin aka yi, mai zanen kofuna. Ta saka, ta ɗaga hannu sama, ta sunkuya, ta zauna, ta tashi. Babu inda ya ja, babu inda ya zube.

Ta tsaya gaban madubin kabad ta daɗe. Ta ɗora hannu inda ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai kan ƙashi.

“Auta, ashe ina da kafaɗa.”

“Har biyu,” na ce. Wannan lambar dai ba ta cikin sharaɗi.

Yadin jarrabawa shuɗi ta zaɓa, mai ɗan kauri. Ta saba sayen yadi shida, na ce huɗu da rabi ya isa, muka yi ta ja-in-ja a gaban mai shago har ta sayi biyar don a zauna lafiya. Rabin yadi ya yi saura, na dai ninke shi na ajiye inda za ta gani. Zif ya ba ta wahala, sau uku tana farkewa. Amma da ta gama ta ɗora wa rigar dutsen guga, sai ka rantse daga kanti aka ciro ta.

Ranar jarrabawa ba a bar ’yan rakiya sun shiga ba. Ni da Direba muka zauna a benci a shagon katifa, yana ta lallatsa katifun mutane yana tambayar kuɗinsu alhali ba saye zai yi ba. Daga sama muna jin fanka, muna jin ana kiran ɗalibai. Can muka ji tafi, da wata murya tana cewa, “Mama, juya mana mu gani!” Daga baya Yaya ta ba mu labari: Malama ta sa ta ɗaga hannu, ta sa ta zauna a kujera, ta juya rigar ta duba ɗinkin ciki, sannan ta tambaye ta awonta don a rubuta wa masu ɗakin ɗinki, saboda su ma suna ba ma’aikatansu rigar aiki. Malama ta matso da kunnenta don a faɗa mata a asirce. Yaya ta faɗa daga inda take tsaye, yadda na bayan aji ma suka ji. Babu wadda ta yi dariya. Wata matashiya mai jiki, da ta yi fama da mai arba’in da shida ta sha matsi, ta biyo ta har bakin bene tana cewa, “Mama, don Allah ki ara min takardarki in kwafa.” Yaya ta ce mata, “Tawa ba za ta yi miki ba, ’yata. Ki zo da tef in nuna miki inda ake tsagawa.”

Da ta sauko, Direba ya miƙe tsaye. Ya kalle ta daga sama har ƙasa, ya buɗe baki, ya rufe. Ban taɓa ganin maganarsa ta ƙare ba sai ranar.

“An ba ni,” in ji Yaya. “Keke na huɗu daga taga. Kujerar har da abin jingina.”

Ya ce alhamdulillahi ya fi sau nawa, na bar ƙirgawa. Sannan ya dawo hayyacinsa ya ce, “To ni yanzu an sallame ni daga aikin kai riga ke nan? Babu ko takardar godiya?”

“An sallame ka.”

Yanzu Yaya tana can tana ɗinka rigunan ’yan makaranta a zaune, gwiwa ta lafa. Takardar nan mai faci tana rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinta, ta yanka wa kanta riga huɗu da ita, kowace da irin wuyanta. Rigar gwajin ƙarshe, mai kafaɗa ashirin da biyu, ta farke ta ta yi wa jikokinta biyu riguna, har aka samu rigar matashin kai a ragowar.

Rannan na je na tarar tana yanka sabon yadi a tsakar falo, Direba na tsaye a kanta da kofin shayi. Ya leƙa, ya leƙa, abin ya ci shi, ya ce a hankali, “Maman yara, ba za a ɗan ƙara ko yatsa biyu ba?”

Ba ta ko ɗago ba, almakashi na tafiya a gefen takarda.

“Ko farce,” in ji ta.